Tabar da ta Jira Farar Hula

Zuwa ga aminina Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Na san babu gidan wayar da zai kai maka wannan takarda, amma labarin ya fi ƙarfin cikina, dole in amayar.

Bitrus, sojoji sun sauka! Yau da hantsi aka rantsar da farar hula. Tudun Wada kaf rediyo ke tashi, 'yan acaɓa na ta hon har Kakuri. Ni da nake ce maka soja da mulki mutu ka raba, ga shi na sha kunya, kuma ban taɓa shan kunya mai daɗi irin ta yau ba.

Ka tuna sandar tabar nan mai kaurin babban yatsa, naɗin hannu, wadda Baturen da kake tuƙawa a Rido ya ba ka ranar da zai koma ƙasarsu? Ka rantse ba za ka kunna ta ba sai soja ya koma bariki. Da ya ce maka bushewa ce ajalinta, sai ka kawo mini ajiya, wai wanda ya iya rainon goro ba zai kasa rainon ganye ba. Shekara da shekaru tana cikin gwangwani a gindin huhun gorona, inda sanyi ke kai mata, ruwa kuma ba ya taɓa ta.

Yau na rufe rumfa na tafi Tirkaniya wurin matarka Saratu, muka zauna a gindin mangwaronka. Na buɗe gwangwanin. Lafiya lau! Na matsa ta a hankali, ta lotsa ta dawo. Bayanta sumul, har da ɗan maiƙo. Na yanke kan da wuƙar goro yadda ka koya mini, ashana uku na ƙona kafin ta kama. Zuƙar farko na haɗiye hayaƙin kamar na sigari, na yi tari har hulata ta faɗi. Saratu ta yi dariyar da rabonta da ita tun ranar da aka binne ka. Sai na tuna ka ce a baki ake riƙe hayaƙin.

Wayyo Bitrus! Da farko yaji-yaji, sai ƙamshin ƙasa in an yi ruwan fari, can daga baya kuma zaƙin nan da goro ke bari idan an kora ruwa. Tokar fara tas, ta kai gaɓar yatsa biyu ba ta faɗi ba. Baturenka bai yi maka ƙarya ba.

To, ga abin da na ɓoye maka. Da kana kwance a asibiti ka ce in kawo ta, don ba ka jin za ka ga wannan rana. Sau uku na zo na ce na manta. Ban manta ba, tana aljihuna. Gani nake in ka kunna ta, ka sallama ke nan. Wa ya ba ni ikon hana ka abinka? Kwana nawa suka rage maka, da har zan yi maka rowar hayaƙi?

Rabi na sha, na bar ta ta mutu da kanta. Sauran rabin naka ne, na mayar gindin huhu. Na san ba za ka zo karɓa ba, amma ajiya ajiya ce.

Ka huta lafiya, ka yafe mini.

Naka har kullum,
Sani mai goro, Tudun Wada