Rabin Haramin da Na Dawo da Shi

Madina, bayan filin jirgi
Rabi'ul Awwal, 1406

Zuwa ga Safiyyatu, sanyin idona, inuwar dabinon Aƙiƙ da tsakar rana, wadda ko sunanta na ambata sai ƙishirwa ta sake ni. Amincin Allah ya lulluɓe ki.

Na dawo, ya habibti. Ina ɗakin wani abokin aikina, ina hangen Madina kamar baƙo, ni da aka yanke wa cibiya a cikinta. Na rame har agogona yana zamewa zuwa gwiwar hannu. In kin gan ni, dariya za ki fara yi kafin kuka, na san halinki. Ban shigo unguwarku ta Aƙiƙ ba saboda yayanki Mahmudu ya kawo mini saƙon Babanku: kada in taka ƙofar gidanku, maganar aurenmu kuma ya jingine ta. Wai wani direba ya gaya masa na bi mutanen coci, har na naɗe gawar Kirista da haramin da kika ba ni. Akwai gaskiya a ciki, kuma gara ki ji ta daga bakina.

Kin tuna ranar da kuka rako ni Bi'ir Ali, inda ake ɗaura harami? Motocin alhazai suna ta hayaƙi, ke kina bayan Mahmudu kina hararata ta cikin mayafi. Kin ce mutum ya bar aikin filin jirgi ya tafi Sudan koyar da Turanci kyauta, ai sai a yi masa addu'a. Sannan kika miƙo fararen ƙyallaye biyu, na ɗaurawa da na yafawa, suna ƙanshin turaren akwatinki, kika ce, “Ka dawo da su. A nan za ka ɗaura su mu yi umararmu ta farko.” Wallahi muryar nan ita ta riƙe ni a jirgin ruwa ina amai har Bur Sudan, ita ta riƙe ni a rufin jirgin ƙasan Niyala, rana tana dafa mu, mun ɗaure kanmu da rawani don kada gyangyaɗi ya jefar da mu.

A Junaina, kan iyakar Cadi, makarantar ta mutanen coci ce, ban taɓa ɓoye miki ba. Yaran kuwa namu ne, 'yan Cadi da fari ya koro, dangin mahaifiyata. A ƙasa suke rubutu da tsinke, iska tana share musu. Abokin koyarwata wani dattijo ne daga Jos, Baba Istifanus, mai Hausa kamar ta kakarki. Shi ke tashina sallar asuba, yana mita wai bai taɓa ganin ɗan Madina mai nauyin barci irina ba. Ranar da ruwa ya yi wuya, nasa rabon yake rage mini in yi alwala. Bai taɓa kirana zuwa addininsa ba, ni ma ban fasa ko raka'a ɗaya ba.

A hanyar dawowa damina ta kama mu. Motarmu ta kafe a bakin wani kwari, gaba ruwa, baya taɓo, babu gari kusa. Nan zazzaɓi ya kwantar da Baba Istifanus, nan ya cika, kansa a kan cinyata. Muka duba kayanmu, babu ƙyalle mai tsabta sai buhunan dawa. Safiyyatu, ya zan yi? In sa mutumin da ya sha ƙishirwa don sallata a cikin buhu? Na buɗe jakata na ciro na yafawar. Na yi kuka, don ƙanshinki yana jikinsa, amma na naɗe gawarsa da shi, kuma ko yau aka sake, haka zan yi.

Ba na jin haushin Babanku. Uba ne, kuma abin da ya ji ba ƙarami ba ne. Zan je gabansa in durƙusa in faɗa masa komai, amma ba zan je ba sai na san inda zuciyarki take. Wa nake da shi bayan ke? Ke ce ruwan sama na farko a kan duwatsun Madina, ke ce na'ana'ar da in babu ita shayi ruwan zafi ne kawai! Tsoro nake ji, ya farin watana, tsoron da ban ji a bakin kwarin nan ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar zan tsaya a Bi'ir Ali, a inda muka rabu, da rabin haramin da ya rage. Ba a shiga umara da ƙyalle ɗaya. Idan har yanzu ni ne, ki ba Mahmudu na yafawa ya kawo mini, ba sai kin rubuta ko kalma ba. Idan ya zo hannu wofi, zan gane, ba kuma zan zarge ki ba. Wannan rabin zan ajiye shi a ƙasan akwati, in bar wasiyya a sa mini shi ranar da za a kai ni maƙabartar Baƙi'a.

Naki, ko kin aiko ko ba ki aiko ba,
Abdussamad