Disket Cikin Toka

Garagumsa, 9 ga Mayu 2005

Yaya Mutari,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Aisa. Mu nan sai godiya. Rumbu ya ƙare ƙaf, har irin shuka an cinye.

Na ba direba tsohuwar ordinatar marigayi Baba, wato kwamfutarsa, da akwatin da ke karanta mata disket, da disket uku, faya-fayan nan da yake ajiye rubutu a ciki. Ka tuna a farin tamanin da huɗu, lokacin yana aiki da furojen noma, shirin nan na taimaka wa manoma, ya ce ya gano wani gero mai nuna cikin kwana sittin, ya rubuta garin da ake samunsa a ciki? Kai da kake gyara rediyon mutane, ka gyara wannan ka faɗa mana garin kafin ruwan shuka. Ba na son "sai an gani" ɗin nan naka.

Ƙanwarka,
Fanta

Damagaram, 20 ga Mayu

Fanta,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ordinatar ta tashi. Akwatin ne ya ba ni wuya, don ɓera ya cinye wayar da ke haɗa su. Na zagaye kasuwa ban sami irinta ba, sai da na liƙa silinta ɗaya bayan ɗaya da dalma. Da farko na haɗa a juye, jar fitila ta kama ta ƙi mutuwa. Da na gyara, ya juya lafiya lau.

Amma disket ɗin cike suke da toka. Ta kankare su kamar an goge da yashi, ko harafi ɗaya bai fito ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

A jakar da disket ta uku ke ciki na tsinci ƙwayar gero biyu, ƙanana, jajaye, ban taɓa ganin irinsu ba. Ina aka ajiye disket ɗin? Me kuma ke tare da su?

Yayanki,
Mutari

Garagumsa, 27 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Inna ce ta adana su a tulu cikin toka, yadda take adana iri don kada ƙwari su ci. Ta ce abu mafi daraja da Baba ya bari ke nan.

A ƙasan tulun akwai ƙunshin jan gero, wajen tiya guda. Ban kawo komai a raina ba. Yara sun kwana biyu a kan ganyen tafasa, sai na daka na dama musu kunu. Har suna cewa yana warin tsufa, amma sun shanye tas.

Tun da aka kawo takardarka nake kuka, na kasa kallon Inna.

Fanta

Damagaram, 1 ga Yuni

Fanta,

Ina gaishe ki. Ki bar kuka, yunwa yaran ke ji. Kada ki gaya wa Inna.

Ga ƙwaya biyun nan a ƙulle cikin wannan takarda. Ki shuka su a bayan ɗaki, ki tsare kaji.

Allah ya sa suna da rai.

Mutari