Dusar Iya Basira

Daren Laraba, watan Rajab, Fagge

Yau ma Iya Basira ta kawo wa agwagina dusa mai tsami daga Sabon Gari. Suna gama ci babbar ta hau tangaɗi har ta faɗa kwata. Da na yi magana sai Iya Basira ta yi dariya, ta ce, "Haba Hajiya, ragowar koko ce! Agwagwa ai haka take tafiya."

Allah ya yafe mini zato. Amma tun da sojoji suka koma bariki masu dafa burukutu suka ƙaru a layin su Iya Basira, ƙwan agwagin nan kuwa maigidana Malam nake soya wa.

Daga gobe alayyafo da ɓawon kankana kawai za su ci. Malam kuma ya yi haƙuri da shayi da burodi, ba zan faɗa masa dalili ba.