Marigayi Kawu Sale Ya Yabi Man Gyaɗarmu

Assalamu alaikum Yaya Habibu,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Ya aiki, ya zaman Legas? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Rogo lafiya lau, an fara cirar gyaɗa.

Yaya, da kunya nake rubuto maka. Ka tuna mutumin da ka haɗa ni da shi don shafin man gyaɗarmu ya riƙa fitowa a sama idan an bincika a intanet? Ya ce sai an ɗau watanni, ya yi ta tambayata yadda muke tatsar mai. Na ƙosa, na koma wurin wani a Karaye da ya rantse sati ɗaya ya ishe shi. Sunayen dangi kawai ya nema, ni kuwa na miƙa masa wayata ya kwashe su daga cikin lambobina.

Ashe yabon ƙarya ya rubuta da sunayensu. Har da Kawu Sale da ya rasu bara, don ban iya goge lambarsa ba. Wai jiya ya sayi manmu ya ji daɗinsa!

Ranar kasuwa matar Kawu, Gwaggo Laure, ta tare ni, 'yarta ta riga ta karanta mata yabon. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Hadiza, a ina kika gan shi? Ni ma nemansa nake."

Don Allah ka ba mutuminka haƙuri ya goge ƙazantar nan daga shafin, zan jira watannin. Ka gaida kowa, ka sa ni a addu'a. Gwaggo kam, har yau na kasa haɗa ido da ita.

Ƙanwarka,
Hadiza