Na juya masa sigina yana masallaci

Salam Admin, sannu da ƙoƙari. Don Allah a sakaya sunana, kuma jama'a ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagi, wanda na yi wa kaina ma ya isa.

Ni ɗalibin injiniyanci ne, ɗan Gyadi-Gyadi. Ni malaminmu ya zaɓa in wakilci ajinmu a baje kolin sashenmu ran Asabar. Umma har sabon ɗinki ta yi min, a gurup ba a kirana sai Injiniya, kuma ba zan ɓoye muku ba, na taka rawa a ɗaki. Sai dai ba ta hanyar gaskiya na samu wakilcin nan ba.

Akwai wani gem na jirgin ƙasa da muke bugawa a laftof. Kai za ka shimfiɗa layin dogo, ka gina tasha, ka dasa sigina, wato danjar da ke ce wa jirgi tsaya ko wuce. Ni da mutumina Sadik ɗan Tarauni kowa ya sa wa tasharsa sunan unguwarsu. To gayen nan kansa na ja, ba ƙarya. Mahaɗar layukan dogon da ya haɗa, jirage na shiga suna fita ba mai jiran wani. Tawa kuwa kullum goslo, kamar titinmu in an tashi daga aiki. Ya dinga min tsiya kenan: "Baaba, har a gem ma unguwarku a cushe take? Ɗauko musu mai ba da hannu mana!" Ina dariya, amma abin na cina.

Da Malam ya ga duk ajin gem ɗin muke bugawa, sai ya ce kowa ya nuna mahaɗarsa, wanda tasa ta fi shi zai wakilce mu. Ana gobe za a nuna na isa gidansu Sadik bayan an kira la'asar. Ya turo min laftof ɗinsa ya ce, "Duba min jiragen nan in je in dawo. Kai fa, ba ka tashi?" Na ce na yi tawa a hanya. Ban yi ba! Hajiyarsa ta aiko mana da ɗanwake har da ƙwai. Hannu ɗaya ina kai loma, ɗayan na juya siginar bakin fita ta kalli baya, na yi sebin, wato na adana ta a haka. Wane irin ƙazamin mutum ne wannan? Abincin uwarsa a bakina, shi yana sujada?

Washegari a gaban aji jiragensa suka shiga mahaɗa suka kasa fita, ko'ina ja. Aka fashe da dariya. Yana gumi yana cewa, "Malam wallahi jiya lafiya lau take." Ni kuma ɗan iska na miƙe na ce, "Kawo in gani." Taɓawa ɗaya komai ya koma kore, aji ya ɗau tafi. Malam ya ce mai idon gano matsala shi ake nema, in tafi da mahaɗar Sadik ɗin tunda ni na gyara ta.

Kun san abin da ya ƙarasa ni? Rungume ni ya yi a waje ya ce, "Ka fitar da ni kunya, mutumina." Yanzu ya daina buɗe gem ɗin, wai shi ashe ba shi da kan wannan harkar. Har cewa ya yi shi zai riƙo min laftof ran Asabar, Hajiyarsa kuma ta ce in biyo ta sa min albarka.

In na faɗa, na rasa Sadik, na rasa wakilcin, ga Umma ta gama sanar da dangi. In na yi shiru, zan tsaya ina bayanin aikinsa yana gefe yana tafa min. Kuma ɗazu da aka ce "Injiniya" sai da na washe baki. Tir!

Jama'a, Asabar ta matso. Me zan yi?