Ciyawar Dutsenku Ba Ta Fito Ba

Asawase, Kumasi, cikin azumi.

Maigida, assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, ko da ranka ma sai an karanta maka. Amma cikina ya cika, kuma ba ni da wanda zan amayar wa sai kai.

Gari ba daɗi. Gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya tattara ya bar ƙasar. Tashar Reskos ta cika maƙil da loroci, mutane na karyar da gadaje da tukwane don su sami na mota. Ni da aka binne cibiyata a Asawase, wai yau ni ce baƙuwa?

Yayanka Agali ya sami mota, jibi zai tashi. Ya ce in ba shi 'ya'yanmu, Musa da Hadiza, ya kai su Azbin, can saman dutsen Bagzan wurin danginku, tunda jininku ne, kuma wasiyyarka ce. Gaskiya ne, a gabana ka faɗa. Na ƙi.

Kafin ka ɓata rai, ka sani da bakinka na kama ka. Shekara nawa kana cika min kunne da dutsen nan? Ina dama koko kana cewa can sama ciyawa ba ta da tsawon rai, sai ruwa ya sauka sosai take tsirowa, kafin awaki su yi ƙiba sanyi ya sauko ya ƙone ta, ba kamar nan da damina ke zuwa sau biyu ba. Ka ɗauka ba na ji. Ina ji sarai, ban dai taɓa gaya maka tsoro labarin yake ba ni ba. Kai ne kuma ka ce a wajenku ba a tayar da zango sai an aika mutum ya dubo kiwo, ya dawo da ɗanyar ciyawa a hannu kowa ya gani.

To, ni na dubo. Na je inda fataken shanu ke sauka, na sami wani dattijo mutumin ƙasarku da ya baro can bayan damina. Ya ce bana ruwa bai yi ba, bara ma haka. Ciyawa ta leƙo ba ta kai tsawon yatsa ba ta bushe, awaki ba nono, mutanen dutsen da kansu gangarowa suke yi. Da na tambayi Yaya Agali ina ciyawar hannunsa, sai ya ce mace ba ta san kiwo ba. Shi da rabonsa da akuya tun kafin a haifi Musa, goro yake ɗaurewa!

Akuya ma ba ka yarda a kai ta inda ba a duba ba, balle 'ya'yanka? Kana kewar gida ka yi wasiyyar, na sani, ina kuma jin zafin saɓa maka har cikin raina. Amma ba inda za su. In 'yan sanda sun zo, za su same ni a ƙofar gida ina suyar ƙosai, yaran na gefena. In sun ɗora mu a mota da ƙarfi, mu uku za su ɗora, ba zan miƙa ɗana da hannuna ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya kai rahama. In kana fushi da ni, ka ajiye fushin sai na zo, mu yi ta a can.

Matarka mai taurin kai,
Hawa.