Surayyata a Allon Rediyon Jirgi

Xiaobei, Guangzhou
6 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Balki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Baban Mariama da yara. Ya ƙafar Inna? Mu nan sai godiya. Rubuto miki na yi maimakon in kira, don in na buɗe baki muryata za ta tona ni.

Kin san Saifullahi, ɗan Damagaram ɗin nan mai yi mana lodin kaya a Huangpu, wanda ko kwali zai ɗaga sai ya fesa turare. Ubangidansa ɗan China, laoban kamar yadda ake ce musu a nan, yana da ƙaramin jirgin ruwa na shaƙatawa, kuma ya yarda da shi har yana ba shi makulli. Ranar Lahadi da la'asar Saifullahi ya gayyace mu yawo a kogi, ni da matata Surayya, da tasa matar Aicha, da baƙi biyu daga Kantin Kwari.

Muna tsakiyar ruwa ya kira ni gaba wurin sitiyari, wai in haɗa wayata da rediyon jirgin in sa mana waƙar gida. Ya nuna mini maɓallin da zan danna har shuɗiyar fitila ta fara ƙyaftawa, sannan in buɗe bulutut a waya. Na danna. Ina cikin laluben inda bulutut ɗin yake a tawa wayar, sai rediyon ya yi ƙit, suna ya fito a ɗan allonsa da manyan baƙaƙe: SURAYYATA. Nan take laccar da Surayya take saurare da safe ta tashi daga lasifikokin jirgin gaba da baya, wani malami yana ta zuba Sinanci a kan ruwa.

Yaya, Surayyata fa. Ba Madam ba, ba matar Jabir ba. A jirgin wani ƙato. Saifullahi ya bushe da dariya, ya ce ai rediyon ya riga ya san wayarta, shi ya sa ya kama ta da kansa. Ko kunya babu. Ita kuwa tana can baya da Aicha, ta zaro wayar daga jaka ta kashe, ta ci gaba da ɓare lemo. Haka na tsaya riƙe da ƙarfen gefen sitiyari har muka dawo gaɓa, baƙi na yabon dogayen benaye, ni kuwa ban ga komai ba.

Yanzu na san ta taɓa shiga jirgin nan ba da ni ba, na kuma san da sunan da ya ajiye ta. Kishi nake yi, ba zan ɓoye miki ba, kuma yana cin raina. Kada ki gaya wa Inna.

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙaninki,
Jabir

13 ga Mayu

Yaya Balki,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Na ji daɗin jin Inna ta fara takawa. Saƙonki ya iso, na karanta shi sau uku. Kin ce zato zunubi, in zaunar da ita in tambaye ta. Ke ma kin san ruwa ba ya tsami banza.

Ban tambaye ta ba. Kallonta na yi ta yi mako guda. Sai na tuna yadda duk ranar da muka je wurin lodi ita da shi suke juya harshe su koma Sinanci da ma'aikata, a yi ta dariya. Shekarata shida ina zirga-zirga a garin nan, abin da na tsira da shi meiyou da xiexie, babu da na gode. Ita shekara uku a jami'a ta kwashe yaren kaf. Da ina alfahari da hakan, yanzu in na ji tana yi sai in ji kamar an rufe mini ƙofa a fuska. Na daina cin abincinta, taliyar Musulman China nake ci a bakin titi. Ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce ƙalau nake.

Jiya na je Huangpu na sami Saifullahi a gaban yaran lodinsa, na ce ya goge sunan matata daga jirginsa. Ya yi sororo, ya rantse da Allah ba shi ya rubuta ba, wai ba a ma rubuta suna a rediyon. Na ce aljanun ruwa ne suka rubuta ke nan. Ya ce, “Haba mon frère,” wato ɗan'uwana da Faransancinsu, zai dafa kafaɗata, na ture hannunsa.

Da na dawo gida ta kawo mini ruwa. Na ce ta kai wa mai ita. Ta ce wa ke nan? Na ce wanda ya rubuta Surayyata. Ta ajiye kofin ta shiga ɗaki. Yau da safe ta haɗa littattafanta ta koma ɗakin ƙawarta a makaranta. Tafiyar nan tata ai amsa ce, ko ba haka ba?

Ki sa ni a addu'a.
Jabir

16 ga Mayu

Yayata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan, don na san za ki yi mini dariya, kuma na cancanta.

Aicha ce ta kira ni. Ta ce a watan Maris, lokacin ina Kano, ita ta kwashi mata shida suka je yawo a jirgin, direban laoban ya tuƙa su, mijinta ma ba ya gari. Surayya ce ta haɗa musu waya don ita ta iya karanta rubutun rediyon. Wai ta gaya mini a waya ranar, na ce to, to, ina ciniki. Wannan kam zan iya aikatawa.

Na tafi makarantar su Surayya da azahar, ta fito ta same ni a ƙarƙashin bishiya. Ta buɗe wayarta, ta shiga can ciki inda ake sa wa waya suna, ta miƙo mini. Yaya, Surayyata ne a rubuce. Ashe rediyo sunan da waya ta zo da shi yake nunawa. Ta ce ni na rubuta da hannuna ranar da na ba ta wayar, har na ce duk inda ta shiga a duniya a san tana da mai ita. Shekara uku ba ta taɓa shi ba. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya: ni nake kishi da ni.

Na ba ta haƙuri har bakina ya bushe. Ta ce zargin ta yafe, don ta san shaiɗan. Abin da ya ƙona mata rai shi ne na ga rubutuna ban gane shi ba. A gabana ta sa yatsa ta goge baƙaƙe biyun ƙarshe, ya rage Surayya. Ta ce ranar da na tuna wace rana ce, da inda muke zaune, in zo in mayar da su, ta biyo ni gida.

Na je na nemi gafarar Saifullahi, ya yafe. Batun Surayya kuwa, kwana biyu ke nan ina juya kaina, Salla ce, filin jirgi ne, ko ranar da takardar makarantarta ta fito? Na rasa. Ta ce kina wurin, ke kika kawo mana zoɓo. Yaya, na san kin tuna. Ko na kira ki ina kuka, kada ki gaya mini.

Wassalam, ƙaninki,
Jabir